Baba Kura Zai Je Ƙasar Ƙanƙara Koyon Noman Rani

Yau da hantsi, a bakin kasuwa, wata baiwar Allah mai sayar da daddawa ta tare ni. Ta rusuna ta gaishe ni kamar abin kirki, sannan ta rage murya ta ce, "Baba Sama'ilu, yaya mai jikin nan da ka goyo a babur kwanakin baya? An dace kuwa? Don akwai wani malami a wajen Roni, ko na cikin ruwa ne suka taɓa mutum, kwana uku ya sallame shi." Na tsaya ina dubanta, daddawar ma ta fita daga raina. Ita ce ta tara da ta yi mini wannan tambaya. Shi ya sa yau zan ajiye maganar taki da ta wutar lantarki da na saba damunku da su, in ba ku labarin nan tun daga tushe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi cefanena lafiya.

Mutumin da kuka gani a bayana a layin mai, rana tsaka, cikin kwat uku da hular ulu da safar hannu, gumi na ɗiga ta gemunsa, ba taɓin hankali gare shi ba. Baba Kura ne, maƙwabcina na shekara arba'in, manomin albasa, Babarbare, wato bawana ke nan, tunda ni Bafillace ne ko da yake shanun sun daɗe da tafiya sun bar ni da sanda. Lafiyarsa ƙalau. Shirin tafiya yake yi. Manya ne suka zaɓe shi ya raka su wata ƙasa can ƙuryar arewacin duniya, wadda sunanta ya fi ƙarfin 'yan haƙoran da suka rage mini, a tsakiyar sanyinsu, domin koyon noman rani.

Na san wani ya koma ya sake karantawa. Haka yake, ban yi kuskure ba.

Mu gida arba'in da 'yan kai ne muke lambu a ƙasan wata 'yar madatsar ruwa a nan yankinmu na Kazaure. Ruwa yana nan cike, daga bakin gonarka kana hango shi yana ƙyalli, amma magudanar da ke kawo shi ta toshe da yashi da ciyawa yau shekara uku. Mun gwada da shebur, aikin ya fi ƙarfinmu. Katafila yake so, ta kwana biyar ko shida, shi ke nan.

Shi kuwa Baba Kura yana da wani irin albasa da ya gada wurin mahaifinsa, ja, mai girman dunƙulen hannu, wadda take kaiwa damina a ajiye ba ta ruɓe ba. Irin albasa ba gero ba ne, ba ya jure ajiya. Bana da aka sake yi mana alkawarin ruwa, har da rantsuwa a rediyo, sai ya zazzage ɗan abin da ya rage masa ya yafa a fangali uku a bayan gida, shi da matarsa Ya Gumsu suna ba shi ruwan rijiya da bokiti. Iri in ya kwana hamsin ba a dasa shi ba ya tsufa, sai dai a tuge a zubar. Gona guda kuma ba a dasa ta da bokiti. In ruwa bai zo ba bana, albasar gidan su Baba Kura ta ƙare a duniya.

Wanda alhakin ruwan ke wuyansa, mu kira shi Mai Girma Gatan Manoma. Kada wani ya tare ni ya ce wane ne ko wane ofis, ni tsoho ne, ba ni da ƙafar zuwa kotu. Mutumin kirki ne ƙwarai, Allah ya ƙara masa lafiya, ban taɓa jin ya ce wa kowa a'a ba. Shekara uku Baba Kura yana sintiri ofishinsa. In ya je da safe, bai iso ba. In ya je da rana, yana taro. In ya zauna a benci ya ce zai jira, can da la'asar masinja ya zo yana shara ya ce ai Mai Girma ya fita tun ɗazu. Ta ina? Ofishin ƙofa biyu gare shi. Wanda ya zana ginin nan ya san aikinsa, ya kamata a ba shi lambar yabo.

Iri yana da kwana takwas da tsirowa, muna zaune a dakali, sai ga mota mai baƙin gilashi. Wanda ya fito Musaddiƙ ne, sakataren Mai Girma, mutum mai tumbi da murmushin da ba ya kaiwa ido.

"Baba Kura, albishirinka."

"Goro fari. Katafila ta iso?"

"Wace katafila, Baba? Abin da ya fi katafila. Jirgi za ka hau."

Ya gyara tsayuwa ya yi mana bayani. Wai tawaga ce za ta je ganin dabarun ban ruwa na zamani, Turawan da suka yi gayyata kuma sun kafe lallai sai an zo musu da manomi na gaske, ko guda ɗaya ne. Na ce mutum nawa za su? Ya ce ashirin da biyu. Na ce manoma nawa? Ya nuna Baba Kura da makullin mota. Sauran daraktoci ne, da mataimakan daraktoci, da masu ba mataimaka shawara, da mai ɗaukar hoto, da direba biyu. Na ce direba kuma, jirgin ne ba shi da matuƙi? Ya ce, "Baba Sama'ilu, ka cika zolaya."

Halimatussa'adiyya, 'yar Baba Kura mai aikin jinya, ta zo gaida iyayenta a ranar. Ta karɓi takardar ta duba sunan garin, ta lallatsa wayarta. Ta miƙo mana hoton garin. Fari fat, babu ƙasa babu ganye. Ta ce a watan da za su je dusar ƙanƙara tana kaiwa gwiwa, kogi yana daskarewa har mutane su taka su ƙetare, rana kuma ta leƙo ta ɗan jima ta koma abinta.

Baba Kura ya ce, "To me suke nomawa a lokacin?"

Ta ce, "Babu komai, Baba."

Musaddiƙ bai ko ƙifta ido ba. "Ai shi ya sa aka zaɓi lokacin. Manomansu ba su da aiki, za su sami sararin yi mana bayani sosai."

Jama'a, ni yaƙi da jahilci kawai na yi, amma wannan hikima ko mai digiri uku sai ya zauna kafin ya haɗiye ta.

Ya Gumsu da ke jin mu daga zaure ta leƙo. "Malam, kai da in an kunna fanka a masallacin Juma'a kake dawowa da mura? Kai da gwiwarka ke sanar da mu hadari tun yana Nijar? Wallahi ba da yawuna ba."

Na ce, "Gaya masa dai, Ya Gumsu. Babarbare da ƙanƙara, ai sai dai a dawo mana da shi a daskare kamar kifi."

Bai kula mu ba. Ya dubi Musaddiƙ ya ce, "Ɗana, awa nawa ake yi a jirgin?"

"Duka-duka kamar goma sha uku, Baba."

"Mai Girma yana ciki?"

"Shi ne ma jagora."

"Jirgin nan, in ya tashi, akwai ƙofar baya da mutum zai fita?"

Musaddiƙ ya yi dariya ya ce babu.

"To rubuta sunana."

Da motar ta tafi ya juyo gare ni. "Kai Bafillace, kanka na saniya ne. Shekara uku ina neman minti biyar wurin mutumin nan. Yanzu an ba ni awa goma sha uku, babu masinja, babu taro. Ko a ƙanƙara zan mutu sai ya ji maganar magudana."

Daga nan shiri ya kankama. Fasfo da talaka ke wata shida yana bi, kwana uku ya fito, wanda ya nuna mini cewa ma'aikatanmu ba ragwaye ba ne, zaɓar wanda za su yi wa sauri suke yi. Kayan sanyi aka ce kowa ya nemi nasa. Manya suka aika Kano da Abuja, mu muka nufi wurin 'yan gwanjo. Mai gwanjon ya zazzage dila guda, ya ɗaga wata kwat mai gashi a wuya ya ce wannan wani Bature ya mutu ya bari, sanyi bai taɓa ratsa ta ba. Baba Kura ya ce, "To me ya kashe shi?" Duk da haka ya saya, ya ƙara biyu, da dogon wando na ciki irin mai kama jiki, wanda Ya Gumsu ta ce in ya sake ya fito tsakar gida da shi za ta koma Barno.

Halimatussa'adiyya ce ta ce ya riƙa saka kayan yana tafiya da su don jikinsa ya saba da nauyinsu. Ita cikin ɗaki take nufi. Shi kuwa ya saka su duka ya hau bayana, a hanya mai ya ƙare, muka tura babur zuwa gidan mai muka tarar da layi ya kai bakin makabarta. Tun hantsi har azahar muna nan. Na ce ya tuɓe, ya ce soja ba ya ajiye bindiga don rana ta yi zafi. Aka fara taruwa ana kallonmu, wata tsohuwa ta tofa masa addu'a, wani ya kawo shawarar a ɗaure shi kada ya ruga. Da muka kai bakin famfo aka ce mai ya ƙare, alhali ga jarkoki ana lodawa a bayan wata mota ta gefe. Wannan ita ce ranar da kuka gan mu.

Sauran shiri kuwa ba a magana. Aka kai sandarsa wurin maƙeri aka kafa mata ƙusa a gindi saboda santsi. Ya Gumsu, da ta ga ba zai fasa ba, ta daka masa yaji da citta da kanumfari, ta haɗa garin kunu da ƙuli-ƙuli da man zafi na gwiwa, ta naɗe goro a ganye ta ce in Turawa sun ƙwace a filin jirgi Allah ya isa. Ya je wurin liman ya tambayi yadda ake salla a garin da azahar da la'asar da magariba ke zuwa a jere suna taka ƙafar juna, liman ya ce a ba shi kwana biyu ya duba littafi.

Sai maganar gwajin sanyin kansa. Halliru mai kifi yana da ɗakin sanyi inda yake ajiye katan-katan, muka roƙe shi ya bar Baba Kura ya shiga ya ɗanɗana. Zuwanmu na farko kwana huɗu babu wuta, janareta babu mai, ɗakin sanyin ya fi waje zafi, warin da ya tarbe mu kuwa ba zan rubuta shi a jarida ba. Zuwa na biyu aka dace. Ya shiga da kwat ukunsa da sandarsa, Halliru ya tura ƙofa. Ban gama cin rabin goro ba muka ji bugu. Ya fito leɓensa ya yi toka, gemu ya sandare, ya zube a kan benci.

Halliru, da yake ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce, "Baba, wani mai kawo mini kifi ya ce wannan a can ranar daɗi ce, yara har wasa suke fita."

Baba Kura ya dube ni. Wannan karon babu zolaya a idonsa. "Sama'ilu, tafiyar nan mai yiwuwa babu dawowa. Gobe zan fara neman yafiya."

Yaran yanzu in za su yi tafiya sai su rubuta a waya, duk wanda na ɓata wa ya yafe mini, su tura wa mutum ɗari a lokaci guda. Mu ba haka muka tashi ba, balle gidan su Baba Kura. Su a wurinsu sai ka taka ka je, ka zauna, ka faɗi laifin da bakinka, wanda aka yi wa ya ji, sannan ya yafe in ya ga dama. Haka ya yi. Ya je Babura wurin ƙanwarsa, ya je Kanya Babba wurin wani da suka yi rigimar iyakar gona tun ana kashe kwabo, ya shiga Gwiwa ranar kasuwa ya nemo wani dillalin albasa da ya taɓa kira azzalumi. Gida gida ya bi unguwarmu. Ni ya bari kusan ƙarshe.

"Bafillace, ka tuna zabuwarka mai farin wuya da ta ɓata shekarar da aka yi fara?"

"Wadda muka ce muzuru ne?"

"Ni ne muzurun. Ta shigo mini fangali sau uku. Gumsu ta yi mana farfesu, har kai muka sammaka."

Na ce, "La ilaha illallahu! Har na ce ban taɓa cin kaza mai daɗinta ba."

"Ka yafe?"

Na yafe, yaya zan yi? Bawa ya ci kayan ubangijinsa, ai gida bai ƙoshi ba ne. Na ce saura wa? Ya ce saura mutum ɗaya, shi kuma ba a samunsa.

Kwana uku kafin tashi aka shirya walimar ban kwana. Ku zo ku ga rumfuna, da kujeru masu riga, da shinkafa da kaji kamar ana aurar da 'yar sarki, da masu ɗaukar hoto sun fi ƙudaje. Abin da aka ci a wurin nan da an ba katafila shi ta sha, da ta yashe magudana ta dawo ta yashe ta maƙwabta. Mu 'yan lambu aka jera mu can baya a rana, don a gani a hoto cewa manoma suna murna. A sahun gaba, kusa da Mai Girma, ga mahaifiyarsa Hajiya Dela, tsohuwa mai carbi, wadda duk garin ya san ba ta wasa da sallar dare, ba ta kuma son ɗanta ya hau jirgi tun asali.

Aka yi jawabai har cikinmu ya yi ƙugi. Aka ce wannan tafiya za ta mayar da yankinmu aljannar albasa. Daga ƙarshe aka ce dattijon tawaga ya rufe taro da addu'a. Na ji Musaddiƙ yana raɗa masa, "Baba, minti biyu, Fatiha kawai."

Baba Kura ya karɓi makirfo ya yi sallama.

"An ce in yi addu'a, zan yi. Amma mu a gidanmu ba a kama hanya mai nisa da abokin tafiya alhali akwai abu a tsakani. Na zaga dangi da maƙwabta kaf, saura mutum ɗaya, shekara uku ina nemansa sai yau Allah ya haɗa mu. Ranka ya daɗe, na ci namanka da yawa. Ka yafe mini."

Mai Girma ya yi murmushi ya ɗaga hannu, masu hoto suka matso. "Haba Baba, na yafe, na yafe."

"A'a, ranka ya daɗe, ba a yafe abin da ba a ji ba. Shekarar farko da ka zo bakin madatsa ka ce nan da sati biyu ruwa zai gudana, da sati biyun suka cika na ce a majalisa kai maƙaryaci ne. Ka yafe mini. Ranar da aka kawo katafila ka hau da hular kwano aka yi hoto, aka mayar da ita kan tirela kafin la'asar, na ce wa Sama'ilu, ga shi can zaune, ɓarawon akuya ya fi ka kunya. Ka yafe mini."

Ni dai na sunkuyar da kai ina duban takalmina. Musaddiƙ ya ruga wurin mai lasifika yana yi masa alama ya kashe. Bai san mai lasifikar ma yana da fangali shida a lambun ba. Sai muka ji murya ta ƙaru.

"Da muka ji a rediyo wai an gama yashe magudanarmu har an yi bikin buɗewa a otal, abin da na faɗa ba zai maimaitu a gaban Hajiya ba, amma ka yafe mini. Ranar da na hango ka ta taga kana fita ta ƙofar baya, ka tattare babbar riga kana sanɗa, na yi dariya, na kuma kwaikwayi tafiyar a gaban mutane har sau huɗu. Ka yafe mini. Sai babban. Kullum bayan sallar asuba, shekara uku, ina kai ƙararka wurin Allah. Kuma ba ni kaɗai ba, mu gida arba'in ne da 'yan kai."

 Wallahi Baba Kura ba da gatse yake yi ba, ni na san shi. Hawaye ne a idonsa. Shi a ransa ƙanƙara ce ke jiransa, yana wanke kansa ne kawai.

To kun san al'ada, in babba ya nemi yafiyarka a bainar jama'a, ba ka tsayawa a na yafe. Mai Girma ya miƙe, ya share goshi, ya ce, "Baba, na yafe duniya da lahira. Ni ma in akwai abin da na yi maka, ka yafe mini."

"Nawa na yafe har ga Allah. Zaman benci, da tafiyar ƙasa, da albasar shekara biyu, duk na yafe. Amma na sauran gidajen ba nawa ba ne, ban isa in yafe ba. Na tambaye su jiya, sun ce sai sun ga ruwa. To mu yi addu'a. Ya Allah, an ce awa goma sha uku za mu yi tsakanin sama da ƙasa, teku a ƙarƙashinmu. Ya Allah kada ka kama mu da haƙƙin bayinka a can sama. Fatiha."

Amin ɗin da ta fito daga bayan rumfa ta kai kasuwa. Ta sahun gaba kuwa ko kaza ba za ta firgita ba. Na ga daraktoci suna duban juna, kowa ya tuna jirgi ɗaya za su shiga da Mai Girma.

Hajiya Dela ta dogara sanda ta tashi. Ba ta nemi makirfo ba, ba ta kuma buƙace shi ba. Ta kira Mai Girma da sunan da take kiransa tun yana goye, ta ce, "Zo nan. Da haƙƙin gida arba'in za ka hau jirgi? Ban yarda ba. Ko ka ba mutane ruwansu, ko ka zauna a ƙasa inda in an kama ka zan ga gawarka."

Washegari abu biyu suka iso unguwarmu. Na farko takarda ce daga wani likita da bai taɓa ganin Baba Kura ba, ya ce ya duba shi sosai ya ga shekarunsa ba za su ɗauki sanyi ba, saboda haka an cire sunansa. Aka maye gurbinsa da ƙanin matar Mai Girma, mai shagon sayar da waya, wanda har aiko mana aka yi a ara masa malafa da fartanya don hoto. Na biyu katafila ce. Ta gaske, da mai a cikinta, da direba.

Ya Gumsu ta yi guɗa don takardar, mu muka yi kabbara don katafilar. Kwana uku tana aiki har da ranar da jirginsu ya tashi, yashi yana tashi, mu muna biye da ita a gefe kamar masu rakiyar amarya. Ta ci rabin magudana.

Rana ta huɗu da hantsi labari ya zo cewa tawaga ta sauka lafiya, har ga hoton Mai Girma cikin farin fili ya rungume kansa, hanci ja wur, yana koyon ban ruwa. Kafin azahar direban katafila ya kashe inji, ya ce an bugo masa waya, wai mai ya ƙare, sai an sake rubuta takarda. Ya kulle ƙofa ya hau ɗan acaɓa ya tafi.

Iri yana da kwana arba'in. Ganyensa ya fara kwanciya. Muka taru a gindin katafilar, masu zagi na yi, masu cewa a ɗauko shebur na yi, ni kaina na fara tsara abin da zan rubuta a nan wanda da an buga shi da yanzu ina kurkuku. Baba Kura yana zaune a kan tudun yashi yana ɓare goro.

Na ce, "Kai Babarbare, albasar ubanka za ta mutu kana cin goro?"

Ya ce, "Bafillace, in ka kai saniya kiwo, a dajin take kwana?"

"Tana dawowa mana."

"To tashi ka kai ni gaida Hajiya."

Muka je. Aka yi mana iso, muka durƙusa muka gaishe ta, ya yi mata barka da saukar ɗanta lafiya. Bai ambaci magudana ba, bai ambaci katafila ba. Da za mu tashi ya ce, "Hajiya, ni jahili ne, ban san tafiyar Turai ba. Dawowar nan da za su yi ranar Alhamis, ta ƙasa za su biyo, ko ita ma ta saman ce?"

Tsohuwa ta dakata da jan carbi. Ta dube shi ta dube ni. Ta ce wa wata mata da ke gefe, "Miƙo mini wayar nan."

Abin da ta faɗa wa ɗanta ban ji ba, don mun riga mun fito. Na dai san ranar Litinin da sassafe ƙarar inji ce ta tashe ni, direban ya dawo da abokin aiki suna karɓa-karɓa, ko abinci a kan kujerar suke ci. Ranar Laraba da la'asar, jirgin Mai Girma bai ko tashi daga can ba, ruwa ya shigo lambu, ja da laka, yana tura ciyawa a gabansa. Baba Kura ya tuɓe takalmi ya shiga har idon sawu ya tsaya. Ranar Alhamis, iri yana da kwana arba'in da bakwai, shi da Ya Gumsu da duk mai hannu a unguwa muka duƙa dashe, har magariba ta kore mu. Albasa ta kama, jama'a. Jiya na je na gani, ta miƙe kore shar.

Tawaga ma ta dawo lafiya, mutum shida da mura, ɗaya ya zame ya karya hannu. An ce suna rubuta rahoton abin da suka koyo, zai fito nan da sati biyu.

Ni kuwa na tuba. Shekaru ina ɓata tawada a nan ina kukan yawon da manyanmu ke yi a ƙasashen waje, ashe rashin sani ne. Allah ya ƙara musu tafiye-tafiye, masu nisa, masu teku a ƙasa. Duk wanda ya ji wani babba zai hau jirgi ya sanar da ni da wuri, ya kuma binciko mini ko mahaifiyarsa tana da rai. Waɗanda nasu suka rasu kuwa sai dai mu ci gaba da haƙuri da su, marayu ne.